Takardar da ke gefen zane

Sana'ata ita ce baje kolin zane-zane da sayar da su, a wani ƙaramin ɗaki, ni da ma'aikata biyu. Kafin kowane baje koli, abin da muka fi ja-in-ja a kai da masu zane shi ne 'yar takardar bayanin da ake mannawa a gefen aiki. Wani zai kawo shafi guda cur, duk falsafa. Wani kuwa ya ce kada a rubuta komai, zanen ya yi magana da kansa.

Ina lura da masu shigowa. Idan takardar ta yi tsawo, mutum zai sunkuya ya karanta, ya ɗaga kai ya yi wa zanen kallo ɗaya, ya wuce, domin an riga an gaya masa abin da zai gani. Idan babu komai, wasu sukan tsaya jim, su ji kunyar tambaya, su fice.

A ganina bayani yana da amfani matuƙar ya tsaya a kan yadda aka yi aikin da halin da aka yi shi. A 1888, yana garin Arles na Faransa, shahararren mai zane Van Gogh ya rubuta wa ƙanensa Theo game da zanen ɗakin kwanansa. Ya lissafa launin bango da na gado da na kujeru, ya ce yana so kallonsa ya kawo hutu. Amma da yawa daga masu kallo rashin natsuwa suke ji, ganin yadda daɓen ɗakin ya karkata. Wasiƙar tana sa ka koma ka sake duba zanen, ka auna nufinsa da abin da idonka ya ba ka, kuma wannan komawar nake nema wa baƙina. Mai zane Picasso kuwa bai yarda ya ɗaure bijimi da dokin da ke cikin zanensa Guernica da ma'ana guda ba. Sunan zanen, wato sunan garin da jirage suka yi wa ruwan bama-bamai a 1937, ya ishi mai kallo ya kama hanya.

Don haka nakan zauna da mai zane in tambaye shi: da me ka yi aikin nan, me ya tayar da shi, ina ya fi ba ka wuya? Wata mai zane ta gaya mini cewa jan da ke gefen wani aikinta da wuƙar fenti ta kankare shi bayan ya bushe. Layi ɗaya muka rubuta a kan haka, sai ga mutane suna matsowa dab da kyallen suna neman sawun wuƙar.

Ranar buɗewa, ba na ba mai zane damar jawabi sai baƙi sun zagaya ɗakin tukuna. Tambayoyinsu yake amsawa, kuma nakan roƙe shi idan wani ya faɗi abin da ya gani, ya bar shi ya kai aya kafin ya sa baki.