Biron da na miƙa wa Baba

Ƙarshen watan nan zan bar sashen gwajin maganin ciwon daji bayan shekara shida. An ce in rubuta wa wadda za ta gaje ni wani abu. To ga shi.

Akwai wani dattijo mai ciwon dajin hanji da aka yi wa kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin ciwon daji, har zagaye biyu, ba a dace ba. Gwajin da muke ɗibar mutane a lokacin na mataki na 1 ne, wanda ake yi da mutane kaɗan don a gano yawan maganin da jiki zai iya ɗauka da irin illarsa. Maganar ko yana aiki a kan cutar sai an kai mataki na 2 da na 3. Na san wannan sarai. Amma da safen ranar oga ya tare ni a bakin ƙofa, wai saura mutum biyu mu cika adadi kafin wata ya ƙare.

Na karanta wa dattijon takardar amincewa a gurguje. Ya ɗago kai ya ce, "'Yata, wannan zai warkar da ni?" Na ce, "In sha Allahu, Baba," na miƙa masa biro.

Na daɗe ina gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Bayan sati uku bakinsa ya cika da gyambo, ko ruwa sai da ƙyar yake wucewa. Ɗansa ya zo da takardar a ninke cikin aljihu, ya ce, "Sista, da kin fito fili kin ce masa gwaji ne kawai, da gida ya zaɓa."

A gaban kwamitin ɗa'a, mai sa ido kan hakkin majinyata a bincike, oga ya rantse bai taɓa matsa wa kowa ba, kuma sa hannuna ne a ƙasan takardar. Sanarwar Helsinki, ƙa'idojin duniya na binciken lafiya a kan mutane wadda aka fara fitarwa a 1964, tana nan manne a bangon ofishinsa, ita da ta ce hakkin majinyaci yana gaba da buƙatar bincike.

Tun daga lokacin, ba mai sa hannu sai ya maimaita min abin da ya fahimta da bakinsa. Ki gaya musu suna iya fita duk ranar da suka ga dama ba tare da an daina kula da su ba. A mataki na 3 kuma kwamfuta ce ke raba su rukuni-rukuni, masu karɓar sabon maganin da waɗanda za a kwatanta da su, ba likita ba. Ki bar su su kwana da takardar.

Oga zai ce miki ni ce mai nawar sashen, kuma a adadi kullum ni ce ta ƙarshe. Gaskiya ya faɗa.