Sukuru biyu a murfin gwangwani

Wata bakwai ke nan da na fara koyon gyaran waya a wani ɗan shago da ke Tip Toe Lane, nan Circle a Accra, ranar da Goggo ta miƙo min wayarta, batirin ya kumbura har ya ɗaga murfin baya. Goggo shinkafa da wake take sayarwa a Nima, waakye ɗin da duk Accra ke layi a kansa da safe, kuma masu saye da yawa yanzu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, suke biya. Wayar nan ita ce lalitarta.

Ban kai wa Masta, maigidana a shago, ba. Na ga ai canza batir ba wani aiki ba ne, na sha ganin ana yi. Na sayi sabo a layinmu, bayan isha'i na baje a tabarma, ga shi an ɗauke wuta, tocila a baki na yi aikin. Waya ta kawo, Goggo ta sa min albarka, washegari har da ƙarin ƙwai a kwanona.

Kwana biyu sai ga ta: "Ɗana, wayar nan da ka gyara ta koyi suma." Caji na kan 80 ta mutu, yana kan 60 ta mutu, a danna ta tashi kamar ba ita ba. Nan take na yanke hukunci cewa batirin jabu ne. Na koma wurin mai sayarwa muka yi cacar baki, na ƙara kuɗi na sayi wani a gaba. Ba ta sake zani ba. Daga nan na ce to matsalar manhaja ce, na goge wayar kaf na mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ba tare da na adana komai ba. Saƙonnin muryar 'yarta da ke aure a Kumasi, har da kukan jikanta na ranar suna, duk suka tafi. Wayar kuma ta ci gaba da sumanta.

Da na rasa tudun dafawa na ajiye ta gaban Masta. Ko taɓa ta bai yi ba.

"Yaushe take mutuwa?"

"Haka kawai, Masta."

"Kai yaro, babu wayar da ke mutuwa haka kawai. Kira mai ita."

Kafin Goggo ta ɗaga wayar maƙwabciyarta, ya jawo mita ya nuna min abin da ya kamata in fara yi tun ranar farko. Batirin irin waɗannan wayoyi ana rubuta masa bolt 3.85 a jiki. In ya cika yakan kai 4.4, in kuma ya sauka wajen 3.4 wayar na kashe kanta don ta tsare shi. Inda wayon yake, batirin da ya daɗe a ajiye ko tsoho da aka sake wa riga zai nuna maka lamba mai kyau muddin yana hutawa. Kamar famfon unguwarmu ne, a rufe ka ɗauka akwai ruwa, ka buɗe sai ɗigo. Da an kunna kyamara da fitila, ko an yi kira a inda sabis ke da rauni, wayar ta nemi wuta da yawa lokaci guda, sai ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da iyaka na ƙiftawar ido, ta mutu alhali allo na nuna 40. Wannan ba cutar ƙananan wayoyi kaɗai ba ce. A farkon 2017 Apple ya saki iOS 10.2.1 da ke rage gudun iPhone 6 da 6s masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa haka, kuma da maganar ta fito fili a ƙarshen shekarar sai da kamfanin ya ba da haƙuri, ya sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29.

Akwai kuma mai mutuwa da ƙa'ida. Masta ya ce in ka ga iPhone tana sake tashi duk bayan minti uku kamar an saita mata agogo, kada ka ɓata kuɗinka: wata sensa ce ta daina magana da bod, wato babban allon cikin waya, sau da yawa ta zafin batir ko wadda ke kan fleks ɗin caji, wato siririn kebul ɗin wurin caji, kuma wayar da kanta tana rubuta sunan abin da ta rasa a fayil ɗin da ake kira panic-full. Wadda kuma lissafin cajinta ne kawai ya rikice, a bar ta ta ƙare ƙaf, a cika ta ba tare da yankewa ba, takan dawo hayyacinta.

Goggo ta ɗaga. Masta ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Hajiya, a ina ta fi yi miki wannan abin?" Ta yi shiru kaɗan, ta ce a kan teburin abinci kam ba ta taɓa mutuwa ba, ko da za ta wuni tana amsa kira. Sai ta cusa ta a bakin zani ta shiga trotro, wato bas ɗin haya, zuwa Agbogbloshie sayen wake da karan dafi, kafin ta sauka ta mutu.

Masta ya ɗauki wayar ya buga gefenta a tafin hannunsa sau ɗaya. Allo ya yi baƙi. Ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa.

Da ya buɗe, soket ɗin batirin gefe ɗaya ne ya zauna, ɗayan a ɗage, haƙori guda ya ɗan lanƙwashe don na danna shi a karkace cikin duhu. Ɗan ƙarfen da ke danne shi kuwa, wanda bai fi farcen yatsa ba, babu shi. A lokacin na tuna: na gama rufe wayar na ga ƙarfen da sukuru biyu sun rage a murfin gwangwanin madara, na ce ai tunda ta kawo wuta ba su da wani amfani. Ashe duk ramin da trotro ya faɗa, soket ɗin sai ya saki na ɗan lokaci.

Na ce a ɗauko wasu sukurun daga tarkacen shago a ɗaura. Masta ya hana. Sukurun waya ba tsayinsu ɗaya ba, ka sa dogo a ramin gajere ya huda layin bod, aikin minti biyar ya koma asarar waya. Don haka yake jera su a kan maganaɗisu yadda ya ciro su, abin da a da nake ɗauka tsabar iyayi ne. Ya ce in hau mota in je Nima in ɗauko na ainihin, da rana tsaka.

Na same su, Goggo ta share ɗakin amma ta tsince su ta zuba a gwangwanin alluranta. Masta ya miƙar da haƙorin da ɗan hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya danna soket ɗin har ya yi ƙas, ya ɗaura ƙarfen, ya sake buga wayar a tafinsa sau biyar. Ko gezau. Ya gwada batirin farko da na kira jabu, lafiyarsa ƙalau, ya ce kafin in zauna in je in ba mai shagon can haƙuri a gaban mutanen da na yi masa ihu.

Da yamma na kai wa Goggo wayarta. Ta jujjuya ta, ta cusa a zani, ta yi tsalle biyu a tsakar gida ta ciro, tana nan a kunne. Sai ta ce, "To madalla. Saura kukan jikana, shi kuma a wane gwangwani ka bar shi?"