Kalmar "haƙuri" tsakanin bakin jama'a da alƙalamin marubuci

A nan Garwa, babu kalmar da ake yi wa amarya guzuri da ita ranar kai ta ɗakin miji kamar haƙuri. Mu Hausawa muna cewa haƙuri maganin zaman duniya, maƙwabtanmu Fulani kuma suna cewa munyal, kuma duk wanda ya tashi a arewacin Kamaru ya san cewa nasihar ɗaya ce ko da harshen ya bambanta. Na daɗe ina tunani a kan abin da adabi yake yi da wannan kalma, domin a cikinta ne abin da jama'a suke so da abin da zuciyar mutum take nema suke yin karo.

Djaïli Amadou Amal, wadda aka haifa a Marwa a 1975, ta gina littafinta a kan wannan kalma. Ya fara fitowa a 2017 da sunan Munyal, sannan aka sake buga shi a Faransa da sunan Les Impatientes, har ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020. Mata uku ne suke magana a ciki. Ramla tana son ta yi karatu, kuma tana da wanda take so, amma aka aurar da ita ga wani attajiri. Hindou aka ba ɗan'uwanta mashayi mai dukanta. Safira kuwa ita ce uwargidan da aka yi wa kishiya da Ramla.

Masu karatu da yawa sun tsaya a kan Ramla, amma ni Safira ce ta fi zama mini a rai. Ba ta yi wa al'ada tawaye ba, ba ta kuma yi burin barin gidan ba. Ta ɗauki abin da aka koya mata da gaske, ta zuba rayuwarta duka a cikin aure, har darajarta a idon kanta ta zama ita ce matsayinta a gidan miji, saboda haka da aka taɓa matsayin nan sai ta rasa inda za ta tsaya, ta koma bin malaman tsibbu da ƙulle-ƙulle. A ganina nan ne marubuciyar ta fi nuna gwaninta, domin ta gane cewa wanda ya bi jama'a sau da ƙafa shi ma yana neman ma'anar rayuwarsa ne, sai dai ya ajiye ta a hannun da ba nasa ba.

Haka na gani a Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990. Rabi, bayan mijinta ya kore ta, ta riƙe 'ya'yanta da sayar da abinci, ta tsaya da ƙafafunta, amma da dukiyar mijin ta ƙone sai dangi suka taru suka matsa mata ta koma. Wasu suna kiran wannan nasara. Ni kuwa duk lokacin da na zo wurin nan sai ƙirjina ya yi nauyi, domin babu wanda ya tambaye ta abin da take so.

Ba na cikin masu cewa al'umma abokiyar gaba ce. Dangin da suke matsa wa mutum su ne suke zuwa jinyarsa, su ne kuma suke ɗaukar makararsa, kuma labarin da ya manta da wannan bai san gidajenmu ba. Abin da littafi yake iya yi shi ne ya bar mace ta ƙarasa zancenta, alhali a tsakar gida da ta buɗe baki ake tare ta da nasiha.

Na taɓa fassara wa gwaggona babin Hindou da Hausa, muna zaune a tabarma bayan sallar isha'i. Da na kai inda uwa take cewa 'yarta ta daure, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Ɗana, ni ma abin da na gaya wa tawa ke nan, don shi aka gaya mini." Daga nan ta ce in ci gaba da karantawa.