Daga Milan zuwa Mesero, a sawun Waliyyiya Gianna

Jirgin ƙasa mai lamba S6 na hau a tashar Porta Garibaldi da ke Milan, wanda ya nufi Novara. Wurin hawansa a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma baƙo da yawa kan tsaya a sama yana jira har jirgin ya wuce. Mai tikitin takarda ya buga shi a na'ura kafin ya hau, in ba haka ba tara ce. Cikin kusan rabin awa muka sauka Magenta, garin da aka haifi Gianna Beretta, likita 'yar Italiya da Cocin Katolika ta ayyana waliyyiya, ranar 4 ga Oktoba, 1922, ta goma a cikin 'ya'ya goma sha uku.

Yawancin masu ziyara kai tsaye suke wucewa kabarinta da ke garin Mesero. A ganina wannan kuskure ne, domin wanda ya fara da kabari mutuwarta kaɗai zai gani, alhali shekarun da ta yi tana hidima su ne suka haifi makonta na ƙarshe a duniya. Shi ya sa na fara da babbar majami'ar San Martino, wadda ake zuwa da ƙafa daga tasha. A nan aka ɗaura aurenta da injiniya Pietro Molla ranar 24 ga Satumba, 1955. A zo da safe, don majami'un wannan yanki sukan rufe da tsakar rana sai yamma ta yi.

Daga nan na nufi Ponte Nuovo, 'yar unguwa a bakin magudanar ruwa ta Naviglio Grande, kimanin kilomita uku yamma da gari. Kamfanin ashana na SAFFA ne ya raya wurin, a nan mijinta ke aiki, a nan kuma suka zauna. Abin da ya fi taɓa ni shi ne kusancin gidan da ƙaramar majami'ar unguwar: 'yan taku ne tsakaninsu. Idan an ce tana zuwa Mas, wato babbar ibadar Katolika, kullum, to a nan ido ke ganin yadda hakan ya yiwu ga likita mai goyo. Ta haifi ɗa a 1956, 'ya a 1957, wata 'yar a 1959, duk da haka tana duba mata masu ciki da jarirai a wannan unguwa ta ma'aikata.

Zuwa Mesero ne wahalar take. Tazarar ba ta kai kilomita goma ba, amma jirgi ba ya zuwa, motar bas kuwa jefi-jefi ce, ranar Lahadi ma ta fi ƙaranci. Tasi na ɗauka, muka tsayar da lokacin da zai dawo ya ɗauke ni, domin a ƙaramin gari irin wannan ba a tare mota a hanya.

A Mesero ta buɗe ɗakin duba marasa lafiya a 1950, bayan ta gama karatun likita a Pavia a 1949. A 1952 ta ƙware a fannin yara a Milan. Har yanzu ana adana ɗakin, amma sai an nemi izini tun kafin a zo. Ƙarami ne ƙwarai, kuma cikinsa ta ci gaba da aiki har dab da haihuwarta ta ƙarshe. Ta so bin yayanta, limamin Katolika kuma likita, zuwa aikin mishan a Brazil, lafiyarta ba ta bari ba, sai ta mayar da wannan gari filin hidimarta: uwaye, yara, tsofaffi da matalauta. Tun tana ɗaliba take cikin ƙungiyar mabiya Katolika ta Azione Cattolica tana koyar da 'yan mata, tana kuma zaga gidajen mabuƙata tare da ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul. Ba mace ce mai ɗaure fuska ba, tana son hawan dutse da zamiya a kan ƙanƙara.

Sai maƙabartar garin, inda take kwance a ɗakin addu'a na iyalin Molla. Ya kamata a faɗi labarin daidai, don ana yawan karkata shi. A Satumba 1961, cikin haihuwarta ta huɗu yana wata biyu, aka gano ƙari a mahaifarta. Hanya uku ce a gabanta: a cire mahaifar gaba ɗaya, a zubar da cikin a cire ƙarin, ko a cire ƙarin kaɗai a bar cikin. Koyarwar Coci ba ta hana ta cire mahaifar ba, tunda magani ake nufi. Ita ce, tana likita, ta san hatsarin sarai, ta zaɓi ta uku. Aka yi aikin a Monza, cikin ya zauna. Ranar 21 ga Afrilu, 1962, jajibirin Ista, aka ciro 'yar ta tiyata lafiya lau. Bayan sa'o'i kaɗan zazzaɓi ya taso, ƙwayar cuta ta kama tantanin ciki, magungunan zamanin suka kasa. Aka mayar da ita gida Ponte Nuovo, ta rasu da safiyar 28 ga wata tana da shekara 39. Ba mutuwa ta nema ba, har ƙarshe tana fatan rayuwa don 'ya'yanta.

Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta mai albarka, matakin da ke gabanin zama waliyyiya, a 1994, ya tabbatar da ita waliyyiya ranar 16 ga Mayu, 2004, mijinta yana zaune a filin bikin. Shi ma da ya rasu a 2010 nan aka kawo shi. Na tarar da ma'aurata a durƙushe da carbi a hannu, akasarinsu masu neman haihuwa ko masu ɗauke da ciki mai wuya. Wurin matsattse ne, mutum kaɗan yake ɗauka, don haka a yi addu'a a ba na baya hanya.

A cikin garin akwai majami'ar da aka keɓe da sunanta a 2007 domin iyalai, nan ne ya fi dacewa a zauna a yi doguwar addu'a. Mai son zuwa ranar idinta, 28 ga Afrilu, ya san zai tarar da cunkoso, ya shirya motar komawa Magenta tun da wuri, sannan ya duba lokacin jirgin yamma kafin ya bar tashar da safe.