Tseren Monaco a shagon caji

Jiya Lahadi mun kalli tseren motocin Formula 1 na Monaco a shagon cajin waya da ke bakin kasuwar ƙauyenmu, nan gefen Ringim. Kawuna sun haɗu a kan waya ɗaya, janareta na ta ruri, sabis kuma ya zo ya ɗauke.

Ni dai a ganina tseren Monaco ranar Asabar ake cin sa, wajen gwajin neman sahun gaba. Titunan cikin gari ne, ga matsi ga kwana, wanda ya tashi a gaba da wuya a ƙwace masa. Zagaye 78 ake yi, kusan kilomita 260, alhali sauran wurare sai an haura 300.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne mai facin unguwarmu. Da ya ga mutum kusan ashirin sun yi caa a kan mota, sun sauya taya huɗu cikin daƙiƙa biyu da 'yan kai, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yaya, don Allah mayar min baya, ban gani ba." Aka mayar. Ya ce lallai waɗannan ba sa jiran ciniki.

Daga nan musu ya kaure kan wanda ya fi tsakanin direbobi biyu, Hamilton da Verstappen. 'Yan Hamilton na tinƙaho da kambun duniya bakwai da komawarsa ƙungiyar Ferrari a 2025, 'yan Verstappen na cewa huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 ba wasa ba ne. Ni ina bayan Hamilton, ko me za a ce. Kiran Magariba ne ya raba mu.