Kayan da ɗan haya ya tashi ya bari

Shekara 17 ke nan ina kula da gidajen haya tsakanin Kabuga, Ɗorayi da Rijiyar Zaki a Kano, kuma ba abin da ke haɗa ni sa-in-sa da masu gida kamar kayan da ɗan haya ya bari.

Mai gida zai kira ni rai a ɓace: "Malam, yaron nan wata biyar ba a ga ƙeyarsa ba, ka ɓalle kwaɗon ka watso tarkacensa waje." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, ɗaki naka ne, amma katifar ba taka ba ce." Muddin bai miƙa makulli ba, sai an bi doka. Mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata 6 ake ba shi, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sai wani notis na kwana 7, sannan kotu. Ma'aikatanta ne ke fitar da kaya.

Wanda ya miƙa makulli ya bar kaya kuwa, yadda kawuna, Allah ya jiƙansa, ya koya mini nake yi. Ba ya taɓa ko tsinke sai mai unguwa da maƙwabta biyu sun tsaya. Ni ke riƙe littafi ina rubutawa, har ludayi. Ranar da na tsallake wata tsohuwar buta sai da ya sa na sake lissafin daga farko. Cewa yake, tsintuwa ma shekara guda ake cigiyarta, balle kayan wanda ka san sunansa. Yanzu na ƙara da ɗaukar hoto a waya, in kira wanda ya tsaya masa, in jera kayan a sito bisa katako saboda gara da danshin damina.

Lokacin yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022, wata 8 ɗaliban Jami'ar Bayero suna gida. Dillalan bakin titin nan, waɗanda la'ada kawai suka sani, suka yi ta fasa ɗakuna suna sayar wa 'yan gwangwan kayan yara a wulaƙance. Su ne ke ɓata mana suna wallahi! Ni kuwa waya na yi ta bugawa. Waɗanda hayarsu ta ƙare suka ba ni izini na kwashe, sitona ya cika har bakin ƙofa.

Wata yarinya ta dawo a Oktoba jikinta na rawa, takardun sakandarenta na cikin wata jaka. Na buɗe littafi, na nuna mata lamba ta 23, ta zuge jakar ta ƙirga, ta sa hannu.