Hanoi, ranar da jaririya ta cika wata

Laraba. Bayan sallar asuba na taka zuwa bakin tafkin Hoan Kiem da ke tsakiyar Hanoi, babban birnin ƙasar Vietnam. Gari bai gama wayewa ba, amma tsofaffi sun riga sun cika wurin suna motsa jiki, babura kuma sun fara ƙugi.

Inda na fi daɗewa shi ne Van Mieu, haikalin da aka gina a 1070 don girmama Konfushiyas, shahararren malamin falsafa na ƙasar Sin a zamanin dā, aka buɗe makaranta a cikinsa a 1076. Akwai alluna 82 na dutse, kowanne a kan bayan kunkurun dutse, ɗauke da sunayen waɗanda suka ci jarrabawar fada daga 1442 zuwa 1779, har da garuruwansu. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Mutanen da suka sassaƙa sunan ɗalibi a dutse sun san darajar ilimi. Azahar na yi ta a masallacin Al-Noor da ke titin Hang Luoc, wanda fatake Indiyawa suka gina a ƙarshen ƙarni na 19.

Da la'asar abokin cinikina na kashu ya ɗauke ni zuwa gidansu. 'Yarsa ta cika wata guda, kuma a wurinsu wannan rana tana da nauyin ranar suna a wurinmu. An jera ƙananan faranti 12 na shinkafa mai danƙo, ja wur, da kwanuka 12 na wani kunu mai zaƙi, don ungozomomi 12 da suke cewa su ke siffanta jariri a ciki. Na koma gefe har suka gama al'adarsu, babu wanda ya matsa mini.

Da aka zo cin abinci sai kakar jaririyar ta jawo hannuna. Ashe tun jiya ta sayi sabon kasko saboda ni, don ta ji ba na cin alade. A ciki ta soya mini cha ca, kifi da kurkum da ganyaye masu ƙamshi, ga taliyar shinkafa da soyayyar gyaɗa. Ta tsaya a kaina sai da na ƙara. Na ce wa ɗanta, "Ka gaya wa Mama na gode, Allah ya raya."

Kafin in fito suka miƙa mini jaririyar, na sa mata kuɗi a jar ambulan kamar yadda sauran baƙi suka yi. Gobe da sassafe zan bi jirgi zuwa birnin Ho Chi Minh, masu sayen kayan suna jirana.